Taswirar da ta raba Daura da Magarya, wa ya taɓa ganinta?

Kakata ta wajen uwa 'yar ƙasar Magarya ce, aure ya kawo ta ƙasar Daura. Har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin ta ce za ta je Nijar ba. "Zan leƙa gida," iyakar abin da take cewa ke nan. In kuma tana son tsokanar kakanmu sai ta ce za ta koma Faranshi ta bar masa Ingilishinsa. A gefen gonar wani kawuna akwai tsohon turken ƙarfe da ake kira tangaraho, muna yara a jikinsa muke ɗaure jaki. Sai da na yi gemu na san cewa turken nan yana da lamba, lambar tana rubuce cikin wata yarjejeniya, yarjejeniyar tana da taswira, taswirar kuma tana kwance a Landan da Faris. Mutanen da suka shekara fiye da ɗari suna noma a gindin turken, ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa sa ta a ido.

Ni ma a intanet na fara cin karo da irinta, a shafin wani dillalin kayan da, yana tallarta da dala a matsayin abin ƙawata bangon falo. Takarda ce mai kyau, ban musa ba. An shafa wa ɓangaren Ingila ja-ja, na Faransa wani launi daban, an sa 'yar alama a duk inda soja suka kafa sansani. Na daɗe ina kallonta, raina yana ɓaci. Abin da nake son faɗa a wannan rubutu shi ne, waɗannan takardu shaidu ne a kan abin da aka yi mana, kuma wanda aka yi wa abu shi ya fi kowa cancantar riƙe kwafin shaidar. Ya kamata su dawo hannunmu, a koya wa yaranmu karanta su da idon mai tuhuma.

Bari in fara daga inda layin ya fara. Ranar 5 ga Agustan 1890 Ingila da Faransa suka amince a ja layi daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren kamfanin Neja na Ingilishi, wanda George Goldie ke jagoranta. To ina daular Sakkwato ta tsaya? Ba wanda ya sani a cikin masu sa hannun. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya yi ba'a a kan haka: ya ce sun yi ta jan layi a taswirar wuraren da ƙafar Bature ba ta taɓa takawa ba, suna yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, abin da kawai ya ɗan dame su shi ne ba su san ainihin inda duwatsun da kogunan suke ba. A wajensa abin dariya ne a wurin liyafa. Sai bayan an gama rabon ne Faransa ta tura wani hafsa, Monteil, ya je ya ga abin da aka raba. Ya bi ta Sayi da Sakkwato da Kano da Kukawa a 1891 da 1892, ya ɓulla Tarabulus, ya koma gida da labarin cewa Argungu ba ta bin Sakkwato, kuma Ingilishin da ke iƙirarin ƙasar ko ƙeyarsu bai gani ba.

Daga nan aka sake zama. Yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 ita ce wadda nake so kowane ɗan sakandare a Sakkwato da Tawa da Maraɗi ya gani da idonsa, domin ba ta bukatar dogon sharhi. Wani ya ɗauki kamfas irin na 'yan makaranta, ya kafa allurar a tsakiyar birnin Sakkwato, ya buɗe shi mil 100, ya zana rabin da'ira ta arewa. Abin da ke ciki na Ingila, abin da ke waje na Faransa. Daga ƙarshen da'irar sai layuka miƙaƙƙu masu kusurwa, kamar matakalar bene, har Chadi. A wannan takarda Birnin Ƙonni da Madawa da Maraɗi duk ƙasar Ingilishi ce. Da an tsaya a nan, da yau Bamaraɗe naira yake kashewa.

Kamfas bai san rijiya ba. Faransawa suka duba suka ga hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda babu ruwa. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso a farkon 1899 don kai tutar Faransa Chadi, ba ta ɓata lokaci wajen girmama da'irar ba, ta kutsa inda garuruwa da rijiyoyi da rumbuna suke. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa. Kanar Klobb da gwamnatinsu ta turo ya tsayar da su, da toka da gawarwaki ya riƙa gane hanyar da suka bi, kuma Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka kashe Voulet da Chanoine, kaburburansu na nan a Maijirgi. A taswirorin soja na wancan zamani duk wannan ɗigo-ɗigo ne da kibiya, an rubuta kwanan wata a gefen kowane zango. Mai kallo daga falonsa a Turai hanya yake gani. Mutumin Ƙonni in ya samu takardar zai iya ɗora yatsa a kan ɗigo ya ce ranar nan aka cika rijiyoyinmu da mutane.

Sai kuma sunayen sansanonin, waɗanda su ma labari ne. Kyaftin Cazemajou ya iso Zinder a 1898, aka kashe shi a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Da ragowar rundunar su Voulet ta ci garin a ƙarshen Yulin 1899, sai aka gina sansani a kan duwatsu yana leƙen Birni, aka sa masa sunan Cazemajou. An kashe Rabeh a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, kwamandan Faransa Lamy ma ya mutu a wannan yaƙi, sai aka kafa Fort-Lamy a ƙetaren kogi, sunan da bai gushe ba sai 1973 da garin ya zama Njamena. Kusurin kanta ta koma Fort-Foureau, Sarh ta yau ita ce Fort-Archambault. A can Kwara kuwa, daura da Bajibo, wani Bafaranshe ya kafa sansani a 1895 ya kira shi Arenberg, Ingilishi suka karɓe suka mai da shi Fort Goldie. Dubi yadda abin yake aiki: ka gina ɗakin laka huɗu da katanga, ka sa tuta, ka raɗa masa sunan mamacinka, mai zane a Faris ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, shi ke nan a teburin tattaunawa ka "mallaki" ƙasar da ta kai tafiyar kwana goma. Tun taron Balin na 1884 zuwa 1885 maganar da ke bakinsu ita ce wa ke zaune a wuri da gaske, don haka sansani ya zama hujja, taswira ta zama takardar kai hujjar kotu. Wasu sansanonin ma an gina su ne don a samu abin zanawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a duk labarin nan kifi ne. A Afrilun 1904 Ingila da Faransa suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na duniya. Faransa tana da tsohon haƙƙin kamun kifi da shanya shi a gaɓar Niyufanlan, wani tsibiri mai sanyi a gabashin Kanada. Ta yarda ta saki wannan haƙƙi, a madadinsa aka ba ta wasu 'yan tsibirai kusa da Konakiri, da wani yanki a kogin Gambiya, da kuma gyaran iyakar nan tamu don ta samu hanya mai ruwa zuwa Zinder. Da haka Ƙonni da Maraɗi suka tsallaka Faranshi. Wato wanda ya yi karatun lakwal maimakon boko, wanda ya yi aikin tilas a ƙarƙashin kwamandan maimakon ya biya haraji ga En'e, wani ɓangare na dalilin yana cikin kwandon masuntan da bai taɓa jin sunan ƙasarsu ba. Aka sake daidaita layin a 1906, sannan Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi shi da ƙafa daga 1906 zuwa 1908, suka kafa alamomi 148 a kan iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500. Turken gonar kawuna ɗaya ne daga cikinsu. Kada kuma a manta, cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa na gaggauta cin Kano a Fabrairun 1903 har da cewa hukumar shata iyaka tana tafe, tana bukatar hanya da tsaro. Ashe har faɗuwar Kano akwai hannun masu awo a ciki.

To amma a nan zan saɓa wa 'yan'uwana masu cewa da can mu duka ɗaya ne, Bature ne ya zo ya tsaga mu. Daɗin faɗa gare ta, sai dai ba duka ce gaskiya ba, kuma taswirorin nan in an karanta su tare da tarihinmu suna tona wannan. Akwai iyaka tun kafin kamfas. Bayan jihadi sarakunan Katsina na Haɓe sun koma Maraɗi, Gobirawa sun kafa Tsibiri, sarautar Daura ta tsage, wasu a Zango wasu a Baure suna kallon Damagaram. Tsakanin waɗannan da ƙasashen da ke bin Sakkwato akwai daji mai faɗi da ba mai kwana cikinsa da ido biyu rufe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi a bakin wannan iyaka, shi da kansa ya zauna a Wurno, a can aka binne shi a 1837. Kano ta yi nata, irin su Ɓaɓura, saboda Damagaram. Sarki Tanimu na Damagaram ya kewaye birninsa da ganuwa, ya sa aka ƙera masa igwa a gida. Lokacin da mutanen Tilho suka zo, tafintansu Landeroin ya zauna da dattawa yana rubuta jerin sarakuna da wa ke kai wa wa gaisuwa, domin da wannan za a yanke ƙauyen da zai bi kowane ɓangare. Bature ya tarar da tsaga, ya zuba mata siminti. Abin da ya canza shi ne, iyakarmu ta da tana numfashi, bana ta matso baɗi ta ja baya, fatake da malamai da masu aure suna ratsa ta. Tasa kuwa ba ta motsi.

Sansanoninmu fa, ina suke a takardunsu? Ganuwar Kano da Lugga ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba, a yawancin taswirorin ɗan zagaye ne kamar ƙwayar gero, alhali barikin da bai kai kasuwar ƙauye ba yana da tuta da suna. Namu sai dai a neme su a bakin mutane. Duk garin da ka ji ana ce masa Kafin wane, ko Kagara, ko Sansani, ko Tungar wane, to akwai labarin tsaro ko zango a ƙarƙashin sunan. Keffi ma daga kafi ta samo suna. Wannan taswira ce da ba a zana ba, kuma tana gogewa kullum: ana yanka badala ana fitar da filoti, ana ɗibar ƙasarta ana yin bulo, dattawan da suka san inda ƙofa take suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Gidan Rabeh na Dikwa ya tsira don an sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa. Ƙananan ribaɗoɗi nawa ne suka samu wannan gata?

Kada wani ya ce ai mu ba mu san zane ba. A 1824 matafiyin Ingila Clapperton ya sauka a Sakkwato, ya yi ta tambayar Bello inda Kwara ta nufa. Ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya zana masa kogin a kan rairayi yana gangarawa teku. Amma taswirar da aka ba shi a takarda, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna Kwara ta miƙe gabas ta nufi Masar. Masana sun daɗe suna gardama ko kuskuren magatakarda ne ko kuwa da gangan aka karkatar da baƙo. Ni dai na fi karkata ga na biyu, ko da son zuciya ne, domin mutumin da ya san abin da Ingilishi suka yi a Indiya ba zai miƙa musu makullin ƙofar gidansa ta kudu ba. Ko ma wanne ne, Bello ya gane abin da mu jikokinsa muka yi sakaci da shi, cewa takardar da ke nuna hanya makami ce. Ɗaliban tarihi nawa ne a Sakkwato suka taɓa ganin hoton wannan taswira tasa?

Wani zai ce, malam, ana fama da tsadar masara kana maganar tsohuwar takarda. Sai in ce ya tambayi mutanen Darak. Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotun duniya ta yanke hukunci tsakanin Najeriya da Kamaru. Kowa Bakassi ya riƙe, amma a Tafkin Chadi ma ƙauyuka fiye da talatin da 'yan Najeriya ke zaune ciki suka koma Kamaru, bisa yarjejeniyoyin 1919 da 1931 da taswirar wani Bajamushe mai suna Moisel. A 2005 kotun ta ba Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Jamhuriyar Binin, nan ma takardun mulkin mallaka aka baje. Tun 1964 shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira cewa iyakokin da aka gada su za a riƙe, saboda haka waɗannan takardu ba su mutu ba, suna nan suna yanke hukunci a kan gonaki da wuraren kamun kifi. Ita kanta kotun ta faɗa a shari'ar Burkina Faso da Mali a 1986 cewa taswira ita kaɗai bayani ce kawai, ba takardar mallaka ba. Daidai ne. Amma sai wanda ya iya karanta ta ne zai iya nuna inda ta yi ƙarya.

Akwai ƙorafi ɗaya da nake ɗauka da nauyi. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Yaro, kada ka tono abin da zai hana mutane barci." Yana nufin in kowa ya samu tsohuwar taswira, gobe wannan hakimi zai ce ƙauyen can nasa ne tun 1907, wancan ya fito da ta 1912. Mun ga yadda maganar masarautun Kano ta yi zafi daga 2019 zuwa 2024, kowane ɓangare da tarihin da yake karantowa. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai abin da na lura shi ne, takardun ba a ɓoye suke ga kowa ba, a ɓoye suke ga talaka. Mai kuɗi yana iya tura lauya Landan ya ɗauko shafi ɗaya da ya yi masa daɗi, ya kaɗa shi a gaban mutanen da ba su da halin cewa ga shafi na gaba. In taswirar 1898 da ta 1904 da ta 1908 suna manne a bango ɗaya, yaro ma zai ga cewa layin ya yi yawo sau uku cikin shekara goma, kuma zai yi wuya a sake ruɗarsa da guda ɗaya.

Haka kuma ban gamsu da masu ganin maganin abin shi ne gogewa ba. A Oktoban 2024 hukumomin Yamai sun cire hoton Monteil daga dandalin da ya daɗe yana ciki, suka sa na Thomas Sankara. Ban zubar wa Monteil hawaye ba, bai cancanci dandali ba. Amma zan so a ce an kai allon nasa gidan tarihi, an ajiye shi kusa da taswirar tafiyarsa, an rubuta da Hausa da Zabarmanci abin da ya zo yi. In an goge sunan mai awo, turakun da ya jawo suna nan daram. Mun gani daga 2019 zuwa 2020 da Najeriya ta rufe boda, mun sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da motocin kaya suka yi ta ruɓewa a layi, masu zumunci suka koma bin hanyar daji kamar 'yan fasa-ƙwauri.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Ban ce a yi rigimar dawo da ainihin takardun ba, domin na taɓa shiga wani ɗakin ajiyar takardu a nan gida na ga abin da gara da yoyon rufi suka yi, na fito jikina a sanyaye. Kwafi mai kyau ya isa. Ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya riga ya zuba dubban tsofaffin taswirori kyauta a shafinsa na Gallica, akwai wasu a ɗakunan ajiyar takardu na Kew ta Landan da Aix ta Faransa. Jami'o'in Sakkwato da Katsina da Kano da Maraɗi da Zinder su haɗa hannu su tattaro na yankinmu wuri ɗaya, su mai da sunayen garuruwa yadda masu su ke faɗa, domin wanda bai saba ba ba zai gane Tessaoua ita ce Tasawa ba, ko Tibiri ita ce Tsibiri. A buga su manya a kai makarantun da ke bakin iyaka. Sannan a tura ɗalibai da wayoyinsu su bi sawun kowace tsohuwar ganuwa da kafi, su ɗauki ma'aunin wurin, su naɗi muryar dattijon da ya san sunan ƙofofin, a ɗora wannan a kan ta Turawan. Kuɗin da ake kashewa a taron bita guda ɗaya a otal zai yi rabin aikin.

Da sallar bara na gwada da kaina. Na buga wani yanki na tsohuwar taswirar iyakar a shagon masu kwamfuta, na kai wa kawuna. Ba ya karanta boko, sai na riƙa karanto masa sunayen yana gyara mini lafazi, yana dariyar yadda Bature ya murɗe su. Ya gane rijiyoyi uku, ya ce biyu sun daɗe da ƙafewa. Ya nuna wani fili fari da ba a rubuta komai ba, ya ce nan garin su kakata yake kafin su tashi, har da kafinsa, kuma ya san inda kufan yake. Ya karɓi bairona ya ɗiga alama a wurin da hannunsa, ya ce in na tashi dawowa in zo da wadda ta fi wannan girma, akwai sauran wurare huɗu da bai ga an sa ba.